Sharhi Kan Hidimar Naɗa Mai Ɗaura Aure ta Intanet a Amurka

Wani abokin aikina a birnin New York ya same ni wata rana da fara'arsa, ya ce ƙanwarsa ta roƙe shi ya ɗaura mata aure da kansa, domin ita da angon ba su da wata majami'a da suke zuwa, kuma ba sa son wani baƙon da bai san su ba ya tsaya a gabansu ranar bikin yana karanto sunayensu daga takarda. Shi kuwa ba fasto ba ne, ba alƙali ba ne, lissafin kuɗi yake yi kamar ni. Sai dai ya ji labarin cewa akwai ƙungiyoyin da ke naɗa mutum ta intanet ya zama mai ɗaura aure, don haka ya nemi in taya shi bin takardun, tun da a ofis an san ni da karanta ƙananan rubutun nan na ƙasan fom da kowa ke tsallakewa. Na bi aikin tare da shi kusan wata uku, tun daga cike fom ɗin farko har ranar da aka watse daga bikin, kuma abin da na gani a cikin wannan lokacin shi ne tushen wannan sharhi.

Naɗin kansa ba ya ɗaukar lokaci. A lokacin hutun rana muka buɗe shafin ɗaya daga cikin waɗannan ƙungiyoyi, aka nemi cikakken sunansa, da adireshin imel, da jihar da yake zaune, sannan ya tabbatar da cewa ya cika shekara 18. Babu jarrabawa, babu ganawa da kowa, babu tambayar ko ya taɓa buɗe wani littafin addini. Kafin shayin da ke gabansa ya huce, saƙon taya murna ya shigo yana kiransa minista, kalmar da a wannan fage ke nufin mai hidimar addini, ba mai riƙe da ma'aikatar gwamnati ba, ko da yake abokin nawa ya wuni yana tafiya kamar na biyun aka ba shi. Naɗin kyauta ne, kuma a wannan ba su yi ƙarya ba. Kuɗin yana wurin takardu, domin da zarar an gama sai shafin ya kai ka kantinsa, inda ake sayar da satifiket mai hatimi ruwan zinariya, da wasiƙar da ke shaida cewa naɗinka yana nan daram, da ɗan katin sakawa a aljihu, da ɗan littafin jawabai, har da mayafin ratayawa a wuya. Ya sayi ƙunshin da ke ɗauke da satifiket da wasiƙa da littafin, suka iso cikin mako guda a ambulan mai kauri, ba tare da kuskure ko ɗaya a sunansa ba. Ta fuskar sauri da tsabtar aiki, ban ga abin kushewa ba.

Wannan harka ta girmi intanet nesa ba kusa ba. Wani mutum mai suna Kirby Hensley ne ya yi wa wani coci mai suna Universal Life Church rajista a garin Modesto na jihar Kalifoniya a 1962, bisa ra'ayin cewa kowane mutum yana da 'yancin a naɗa shi ba tare da an tambayi aƙidarsa ba, kuma shekaru da yawa ta gidan waya ake aika takardun. A 1974 wata kotun tarayya ta goyi bayan cocin a rigimarsa da gwamnati kan haraji, bisa hujjar cewa ba aikin hukuma ba ne ta auna ingancin addinin wani. Daga baya wasu ƙungiyoyin suka bi sahu, cikinsu har da American Marriage Ministries da aka kafa a Seattle a 2009. Dukkansu suna jingina ne da 'yancin addini da kundin tsarin mulkin Amurka ya tanada, kuma hujja ce mai ƙarfi. Sai dai 'yancin naɗa mutum daban ne, ikon ɗaura auren da hukuma za ta amince da shi kuma daban, kuma a nan gizo yake saƙar.

A Amurka babu dokar aure guda da ta game ƙasa. Kowace jiha ce ke tsara tata, sannan akawun gunduma ko na birni ne ke aiwatar da ita, wani lokaci kuma gundumomi biyu maƙwabta sukan fahimci doka ɗaya ta hanyoyi biyu. Abin da ke mayar da taro ya zama aure a idon hukuma shi ne lasisin aure, wanda ango da amarya suke karɓowa da kansu, sai mutumin da doka ta yarda da shi ya jagoranci ɗaurin, ya sa hannu tare da shaidu, ya mayar da takardar ofishin da ya bayar da ita. A jihar New York, alal misali, sai an jira sa'a 24 bayan karɓar lasisin kafin a ɗaura, lasisin yana aiki ne kwana 60, ana buƙatar aƙalla shaida guda, kuma mai ɗaurawa zai mayar da takardar cikin kwana 5. A cikin birnin New York kuwa akwai ƙarin sharaɗi, wato duk wanda zai ɗaura aure sai ya yi rajista a ofishin magatakardan birni tukuna. Satifiket mai hatimin zinariya ba ya maye gurbin ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai.

Matsalarmu ta taso ne daga wurin da aka zaɓa don bikin. Ma'auratan a New York suke zaune, amma dangin ango a Virginia suke, kuma a gonar kakarsa aka tsara yin taron. A shafin farko na ƙungiyar an rubuta da manyan baƙaƙe cewa naɗinsu yana aiki kusan ko'ina a ƙasar, kuma abokina ya ɗauki wannan kalma ta "kusan" a matsayin kawaici kawai. Sai da na shiga shafin da suka keɓe wa Virginia, na gangara can ƙasa, na tarar da wata jimla da ke cewa wasu akawun kotu a jihar sukan ƙi karɓar takardunsu, don haka a tuntuɓi ofishin gunduma. Washegari da safe ya kira ofishin, ya buɗe muryar wayar domin in ji. Matar da ta ɗauka ta saurare shi har ya gama, sannan ta tambaye shi cikin ladabi ko yana da jama'ar da yake jagoranta a ibada, da kuma inda suke taruwa. Ya ce babu. Ta ce to ofishinsu ba ya bai wa wanda aka naɗa ta intanet izini, ta ƙara da cewa ba shi ne na farko da ya kira a wannan makon da irin wannan tambaya ba. Ya ajiye wayar ya zuba wa satifiket ɗin ido kamar zai ba shi amsa.

Matar ba son ranta ta bi ba. Tun a 1974, shekarar da cocin Hensley ya yi nasara kan haraji, Kotun Ƙolin Virginia ta yanke hukunci a shari'ar Cramer cewa kalmar minista a dokar aure tana nufin shugaban jama'ar addini da aka zaɓa aka ɗora wa nauyi, kuma ƙungiyar da kowane ɗanta minista ne ba ta cika wannan ma'ana ba. Jihar tana da wata hanya ta dabam, inda alƙali zai iya bai wa mutumin da ba malamin addini ba izinin ɗaura aure bayan ya ajiye lamunin dala 500, amma an tanadi wannan ne don mazauna yankin kotun, abokina kuwa baƙo ne. Kuma dokar jihar ta tanadi hukuncin ɗauri da tara ga wanda ya ɗaura aure yana sane da cewa ba shi da izini. Gaskiya ne akwai wani sashe da ke kare auren kansa idan an yi shi da lasisi kuma ma'auratan sun yi imani cewa komai daidai ne, amma mu da muka riga muka ji daga bakin akawu ba mu da bakin cewa ba mu sani ba.

Da na ci gaba da bincike sai na ga cewa Virginia ba ita kaɗai ba ce, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne lokacin da irin wannan rigima take ɓullowa. Ba a ranar biki take fitowa ba, lokacin da kowa ke murmushi. Sai bayan shekaru, ranar da aka zo rabuwa ko rabon gado, sannan lauyan ɗaya ɓangaren zai tono ta. A North Carolina, an samu wani mutum da laifin yin aure a kan aure, amma a 1980 Kotun Ƙolin jihar ta soke hukuncin, domin auren farkon mahaifin amarya ne ya ɗaura shi da takardar naɗi da ya samu ta gidan waya, don haka kotu ta ce tun asali ba a yi aure ba. Majalisar jihar ta gaggauta halatta irin waɗannan aurarraki da aka ɗaura kafin 3 ga Yuli, 1981, amma ba ta ce komai a kan waɗanda za su biyo baya ba. A New York ɗin ma da muke zaune, wata kotun ɗaukaka ƙara ta rushe wani aure a 1989 a shari'ar Ranieri saboda wannan dalili, har yarjejeniyar dukiya da ma'auratan suka ƙulla ta rushe tare da shi, sannan a 2013 wata kotun ɗaukaka ƙara ta wani yanki na jihar ta ƙi bin wannan ra'ayi a shari'ar Oswald. Hukuncin Ranieri ya fito ne daga sashen kotun da ya haɗa da Brooklyn da Queens, yankuna biyu na birnin New York, alhali ofishin magatakardan birnin yana yi wa masu irin wannan naɗi rajista. A Pennsylvania wani alƙali a gundumar York ya rushe irin wannan aure a 2007, alƙalan wasu gundumomi kuma suka tabbatar da ingancin irinsa daga baya. Majalisar Tennessee ta kafa dokar hana waɗanda aka naɗa ta intanet ɗaura aure a 2019, aka dunguma zuwa kotu. A ɗaya gefen, wata kotun tarayya ta soke irin wannan hani a Utah a 2002, kuma a jihohi da dama, kamar Kalifoniya, ana ɗaura aure da wannan naɗi kullum ba tare da wata gardama ba.

Mun rubuta wa ƙungiyar muka bayyana halin da ake ciki. Amsa ta zo cikin kwana guda, cikin ladabi, amma da gani an saba aika ta ga mutane da yawa. Sun ce a ganinsu ƙin amincewar ya saɓa wa tsarin mulki, sun ba da shawarar a gwada wata gunduma, sannan suka tuna mana cewa akwai wani ƙunshin takardu mafi girma da zai iya taimakawa. Ba na musu cewa hujjarsu ta tsarin mulki tana da nauyi, kuma mai yiwuwa wata rana kotuna su ba su gaskiya a ko'ina. Amma wanda ya rage wata biyu a ɗaura wa ƙanwarsa aure ba shari'ar gwaji yake nema ba. Babban aibin wannan hidima, a ganina, shi ne yadda aka jera bayanai. An tambaye shi jihar da yake zaune, ba a tambaye shi jihar da za a yi bikin ba, alhali ta biyun ce take da muhimmanci. Albishir yana shafin farko da manyan baƙaƙe, gargaɗi yana shafi na uku da ƙanana, kanti kuma yana tsakaninsu. Ba ƙarya suka yi ba, domin duk abin da ya kamata su faɗa yana nan ga mai haƙurin nema, sai dai sun san yawancin masu zuwa wurinsu a cikin ɗoki suke zuwa.

Akwai kuma abin da ba su ambata mana ba ko kaɗan, kuma ba abin mamaki ba ne tun da ba hajarsu ba ce. Jihohi da dama sun buɗe ƙofar da ba ta buƙatar mutum ya ari rigar malamin addini. Tun daga Maris na 2023, jihar New York tana ba da lasisin ɗaura aure na yini guda ga duk wanda ya cika shekara 18, a kan dala 25, domin ma'aurata guda da aka ambata da suna. Massachusetts ta daɗe da irin wannan tsari, gundumomi da yawa a Kalifoniya ma suna naɗa mutum mataimakin kwamishinan aure na rana ɗaya. A Colorado ma'aurata suna iya ɗaura wa kansu ba tare da kowa ya jagoranta ba, Pennsylvania kuma tana da lasisi makamancin haka da ya samo asali daga al'adar mabiya ɗariƙar Quaker ta Kiristoci. Inda irin wannan hanya take, ita ce mafi tsabta, domin izinin daga hannun hukuma ya fito kai tsaye.

Abin da aka yi a ƙarshe shi ne raba aikin gida biyu. Ranar wata Talata da safe ma'auratan suka je ofishin magatakardan birni a Manhattan da lasisinsu, abokina ya zama shaida, wata jami'a ta ɗaura auren cikin 'yan mintoci, suka fito da takardar shaida, kowa ya koma wurin aikinsa. Ranar Asabar kuma aka yi bikin alama a gonar da ke Virginia, wato taron da ake yin alƙawari da musayar zobe a gaban dangi amma babu wata takardar hukuma da ake sa wa hannu. Bikin alama ba ya buƙatar izinin kowa, muddin ba a nuna wa jama'a cewa shi ne ɗaurin auren doka ba.

A nan ne, abin mamaki, kuɗin da ya kashe ya yi rana. Ɗan littafin jawaban da na ɗauka cikon ambulan ne ya zama mafi amfani a cikin ƙunshin. Ya bayyana tsarin taro daki-daki, daga inda mai jagora zai tsaya, da yadda zai gaya wa jama'a su zauna bayan shigowar amarya, abin da sababbin shiga sukan manta har a bar tsofaffi a tsaye, zuwa shawarar ya koma gefe a lokacin da masu hoto za su ɗauki ma'auratan, kada fuskarsa ta fito a tsakaninsu. Mun zauna da fensir muka bi jawabin layi-layi, muka goge jimlar nan da ke cewa "da ikon da jiha ta ba ni", tun da babu jihar da ta ba shi komai, muka sa a madadinta cewa yana gabatar wa dangi mata da miji waɗanda suka riga suka yi aure. A ranar, takardar tana rawa a hannunsa, ya sarƙe sau biyu a wurin sunan ango, kuma da ya zo labarin yadda yake raka ƙanwarsa makaranta tana ƙarama, sai da ya tsaya ya cire tabarau ya share ido. Kakar ango, wadda tun farko ba ta gamsu da tsarin ba, ta tambaye shi bayan an tashi ko da ma wannan ce sana'arsa.

Wannan rabuwa tsakanin ɗaurin doka da bikin jama'a, wadda abokina ya fara ɗauka a matsayin faɗuwa, ita ce ƙa'ida a wasu ƙasashen. A Faransa tun 1792 auren da aka ɗaura a ofishin magajin gari ne kaɗai doka ta sani, kuma malamin addinin da ya mayar da ɗaura aure kafin na hukuma al'adarsa yana fuskantar hukunci. Jamus ma tun 1876 a gaban jami'in rajista ake yin auren doka. Shi ya sa yawancin baƙin da ke zuwa yin bikin aurensu a tsofaffin gidajen sarauta na Faransa sukan gama da rajista a ƙasarsu kafin su taso. A Ingila da Wales, bikin da mai jagora mai zaman kansa ya gudanar ba ya ƙulla aure a doka, ko da yake Scotland ta amince da auren masu aƙidar ɗan'adamtaka, waɗanda ba sa bin addini, tun 2005, kuma Hukumar Gyaran Dokoki ta Ingila da Wales ta ba da shawarar sauya tsarin gaba ɗaya a 2022. Haɗarin bikin alama guda ne, wato a yi shi a manta da ɗayan. A shari'ar Akhter da Khan, an ɗaura auren Musulunci a wani gidan abinci a Landan a 1998 da niyyar yin rajista daga baya, ba a yi ba, aka haifi 'ya'ya huɗu, sannan a 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce taron bai kai matsayin aure a dokar Ingila ba, abin da ke nufin matar ba za ta iya neman rabon dukiya irin na matar aure ba. Haka ya faru da mawaƙin nan Mick Jagger da Jerry Hall, waɗanda bikinsu na tsibirin Bali a 1990 wata kotun Landan ta ce ba aure ba ne a 1999.

Hukuncina a kan hidimar shi ne tana da amfani, amma ba ta kai yadda take tallata kanta ba. Wanda bikinsa zai kasance a jihar da ta amince da irin wannan naɗi a fili, kuma ya kira ofishin da zai ba da lasisin ya ji daga bakinsu, zai same ta da sauƙi da araha, kuma ba sai ya sayi komai ba face takardar da akawun ya ce yana son gani. Wanda jiharsa take da lasisin yini guda, gara ya bi wannan hanyar. Wanda kuma bikinsa ya faɗa jihar da kotuna suka raba baki, musamman idan akwai gida ko dukiya ko takardun zama a ƙasa da suka rataya a kan auren, to ya bar jami'in hukuma ya ɗaura, sannan ya yi bikinsa yadda ransa yake so. Katin aljihu da mayafin wuya ba mu ga ranarsu ba. Satifiket ɗin abokina yana nan a jikin bango kusa da teburinsa, bai taɓa nuna wa wata hukuma shi ba, littafin jawaban kuwa tuni wata abokiyar aikinmu ta are shi domin bikin ɗan'uwanta a Colorado.